Riɗin da Bai Hau Jirgi Ba

Riɗinmu bai hau jirgin ruwa ba. Ya je Legas, ya kai har bakin teku, ya zauna a tashar har ruwan sama ya same shi. Daga baya muka sayar wa masu tatsar mai. Ni na dawo gida. Taubashina, wanda ya shirya tafiyar, har yau bai dawo ba.

Ni mutumin Dingaya ne, a ƙasar Gwaram. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, na shiga dako a kasuwar Sara, daga nan na bi manyan motoci. Na yi shekaru a hanyar kudu. Mota ta taɓa kifewa da mu, waɗanda ke gefena suka mutu, ni na fita da ƙafata. Na kwana a tasha, na kwana a ƙarƙashin tirela, na kwana a bayan kanta kan faɗan da ba ni na fara ba. Abin da na iya shi ne buhu. In ɗauke shi, in jera shi, in ɗaure shi, in tsare shi har inda aka ce a kai.

Taubashin nawa ɗan kawuna ne, a Birnin Kudu. Gidansu gidan malamai ne. Kawu yana da makarantar allo a zaure da Islamiyya a bayan gida, kuma kowa ya san wannan ɗan ne zai gaje shi. Ya sauke Alƙur'ani da wuri, ya yi boko har Kano. Tun yana saurayi ake ce masa Malam, ni ma haka nake ce masa ko da yake na girme shi. Shi kuwa bawansa yake kirana, don shi ɗan namiji ne ni ɗan mace. Ba ya gajiya da wannan wasa. Ko a gaban baƙi sai ya ce a ba bawansa ruwa ya sha, ya sha rana.

Da ya gama karatu ya yi aiki a Kano wurin wani mai fitar da kaya ƙasashen waje. Shi ke rubuta masa takardu. Wata kaka ya zo Dingaya ya same ni a gona, mun yanke riɗi mun jingina shi dami-dami yana bushewa. Ya tsaya da fararen kayansa a kan kunya.

Ya ce, "Bawa, ka san inda riɗin nan yake zuwa?"

Na ce, "Kano."

"Daga Kano fa?"

"Ban bi shi ba."

"To ni na bi shi a takarda. Yana haye teku. Can ana barbaɗa shi a kan burodi, ana tatsar mansa. Ka san sunan wa ke jikin buhun?"

"Sunan mai shi."

"Sunan mutumin da bai taɓa riƙe lauje ba."

Ya ce yana so buhu ya fita daga ƙasar nan da sunan Gwaram a jikinsa, ko sau ɗaya. Ya samu mai saye a ƙetare, sun yi magana ta waya. Mutumin ya yarda ya gwada mu da kwantena guda, wato akwatin ƙarfen nan da ake ɗorawa a kan tirela. In kaya ya isa da tsabta, a kan lokaci, to kowace shekara zai saya. Amma akwai jirgin da aka tsayar da magana a kansa. In kayanmu bai hau wannan jirgi ba, magana ta mutu. Malam ya bar aikinsa na Kano saboda wannan.

Kawu bai hana shi ba. Ina zaune a zauren ranar da ya gaya masa. Tsohon ya ce, "Wa zai karɓi hadda da safe?"

Malam ya ce, "Kaka ɗaya ce, Baba. In kaya ya hau jirgi na dawo."

Kawu ya ce, "Allah ya sa albarka."

Daga nan aka shiga neman takardu. Ni ne mai riƙe jaka. Mun je Dutse, mun je Kano, mun koma Dutse. Ina zama a benci a waje, shi yana shiga yana fita. Duk wadda ya samo sai ya nuna mini, ko da ya san ba na karantawa. Wannan ita ce ta ba shi izinin fitar da kaya. Wannan ta banki ce. Wannan ta ce a ƙasar nan aka noma riɗin. Akwai wadda za ta ce babu ƙwaro a ciki, ita sai ranar lodi. Akwai wadda za ta faɗi yawan buhuna da nauyinsu. Ya ce duk takardun nan dole bakinsu ya zo ɗaya. In wata ta faɗi abin da 'yar'uwarta ba ta faɗa ba, kaya ya tsaya. Na ji shi. Amma na ɗauka magana ce tsakanin takarda da takarda, ba ruwan buhu.

Mutanen Dingaya suka kawo riɗinsu, har da wasu daga ƙauyukan gefe. Muka kama wani sito a bakin titi a Gwaram. Mata suka zauna da faifai da rariya suna sheƙa, suna tsince tsakuwa. Malam yana bi yana sa hannu a tari, in ya ji yashi sai a sake. Wata tsohuwa ta ce masa, "Ɗan nan, riɗin nan gidan miji za a kai shi ne?" Ya ce, "Inna, gidan surukai masu tsegumi." Suka yi ta dariya. Ban taɓa ganin riɗi fari tas kamar wannan ba, kuma ban sake gani ba.

Akwai wani dattijo a cikinmu da muke kira Baba mai awo. Tun kafin a haife ni shi ke auna hatsi a kasuwa. In ya auna maka, ba ka sake aunawa a gida. A wurinmu ba a sayar da hatsi a share bakin kwano. In an gama awo mai kaya yakan ƙara kaɗan a kai, shi ne gyara. Wanda bai yi gyara ba an san shi, kuma ba a komawa wurinsa.

Malam ya ɗauko hayar sikeli daga Birnin Kudu. Kowane buhu sai an ɗora, allura ta tsaya a inda yake so. In ta wuce, sai ya sa hannu ya ɗebe. Baba mai awo yana zaune a kan turmi yana kallo. Da abin ya ishe shi ya ce, "Malam, na ga hannunka yana ragewa."

"Haka suke so, Baba. Daidai."

"Na tsufa a kasuwa ban ga mai sayarwa yana ragewa ba."

"Can ba kasuwar Sara ba ce."

"Ba mutane ne a can ba?"

Malam ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Ya rubuta nauyin duka, ya kai aka buga a takarda.

Da aka gama awo ya tafi Kano don ya taho da kwantena da ma'aikacin da zai sa maganin ƙwari. Ya bar mu da ɗinki. Buhunan suna tsaye a jere, sababbi, baki buɗe, da rubutun Gwaram a jiki da koren fenti. Da safe mun zare basilla ke nan sai ga Baba mai awo da ƙwarya a kai da kwanonsa a hannu. Ya ce kayan nan wurin baƙi za shi, mutanen da ba su taɓa ganinmu ba. In sun buɗe buhu, da shi za su san ko mu su wane ne. Ba za a ce mutanen Gwaram sun auna wa baƙo a shafe ba, yana raye. Ya cika kwano daga riɗinsa na gida, wanda ya ajiye don iri, ya juye a buhun farko.

Matan suka kalli juna. Ɗaya ta tashi, sauran suka bi ta. Kafin azahar sun dawo da abin da suka ɓoye don miya da kantun yara. Suka sheƙe shi a nan, suka tsince shi kamar na farko. Kowane buhu ya samu kwano, wani har da tozo. Ni na riƙe bakin buhunan. Muka danna, muka ɗinke. Ba wanda ya ɓoye komai. Ba kuma wanda ya gaya wa Malam, don ba ka zuwa ka ba da labarin cewa ka gai da mutum a hanya. A ranar ban ga aibu a ciki ba. In gaskiya ake so, wurin ya yi daɗi. Har waƙa matan suka yi.

Ranar da kwantena ta iso, rabin gari ya fito kallo. Ja ce, ta sha duka a gefe, da rubutun wata ƙasa. Malam yana can da ma'aikacin suna cike takarda a kan bayan mota, mu muna lodi. Wani ɗan dako ya ce buhunan nan sun ci sun ƙoshi, aka yi dariya, aka wuce. Da aka cika, ma'aikacin ya sa magani ya rufe ƙofa. Aka maƙala wani ɗan ƙarfe mai lamba a mariƙin ƙofar, aka rubuta lambar a takardu. Malam ya ce daga yanzu ba mai buɗewa sai mai saye.

Mun tsaya a Birnin Kudu a ƙofar gidan Kawu. Ya fito da sandarsa, ya zagaya motar, ya dafa ƙarfen ya yi addu'a. Ya ce wa ɗansa, "Ka dawo kafin azumi." Ni kuma ya ce mini, "Ka kula da shi, bai san hanya ba."

Kwanakin hanyar nan su nake yawan tunawa. Direba, ni, da Malam a tsakiya da jakar takardu a cinya. Bai taɓa shiga babbar mota zuwa kudu ba. Kafin Kaduna ya yi amai sau ba adadi. Na ce, "Ubangida ya ji jiki." Ya ce, "Bawa, in mun dawo zan sayar da kai in sayi jaki, ya fi ka tausayi." Da cikinsa ya lafa sai ya koma surutu. Ya tambayi sunan kowane gari, ya tambayi abin da ake nomawa, ya sa direba ya rage gudu a kan gadar Jebba don ya ga ruwa da kyau. In aka tsayar da mu a shinge shi ke sauka da jaka, ya dawo yana gyara hula kamar wanda ya ci jarrabawa. Da hantsi, in hanya ta miƙe, yakan yi karatu a hankali, ba don kowa ba. Na yi shekaru a wannan hanya ina jin ƙarar inji kawai. A wannan tafiya na ji Alƙur'ani daga Tegina har Ilorin. Na koya masa cin doya da manja a tsaye. Ya koya mini sunan ƙasar da riɗinmu za shi, na riƙe shi kwana biyu ya gudu.

A Legas muka shiga layin motoci masu jiran shiga tashar jirgi. Layin ba ya tafiya sai ya ga dama. A nan muka haɗu da ejan ɗinmu, wanda zai shige mana gaba wurin kwastan da kamfanin jirgi. Bayarabe ne, amma a Kano ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Malam, wa ya koya maka? Ko digo babu." Malam ya kalle ni ya ɗaga gira.

Kafin a karɓi kwantena sai mota ta hau wani babban sikeli da aka binne a ƙasa. Muka hau, muka sauka, aka ce mu koma gefe. Ejan ya shiga ofis ya daɗe. Da ya fito ba ya dariya.

Ya ce, "Malam, me kuka sa a ciki?"

"Riɗi."

"Riɗi da me?"

"Riɗi kawai."

"To sikeli ya ce akwai kusan tan guda da takardarka ba ta san da shi ba."

Malam ya ce ba zai yiwu ba, da hannunsa ya auna kowane buhu. Ya juyo wurina don in ba da shaida. Na ce masa gyara ce. Na gaya masa yadda aka yi, daga kwanon Baba mai awo har waƙar mata.

Ya zauna a kan matakalar mota. Da farko dariya ya yi, har da riƙe ciki. Sai dariyar ta tsaya.

Ya ce, "Kowane buhu?"

"Kowane."

"Na iri suka zuba?"

"Da na miya."

Ya cire hula ya riƙe a hannu. Bai zage ni ba, bai zagi kowa ba.

Na ce wa ejan a buɗe a kwashe ƙarin, a ba duk wanda yake so, magana ta ƙare. Ya ce, "Ɗan'uwa, sikeli ya riga ya yi magana, an rubuta." Ya yi mini bayani yadda zan gane. Ma'aikatan ba su da laifi. Takarda ta faɗi abu, sikeli ya faɗi wani, dole su buɗe su ga ko an ɓoye wani kaya a ƙarƙashin riɗi. In an buɗe, an karya ɗan ƙarfen nan mai lamba, duk takardar da ke ɗauke da tsohuwar lamba sai an sake ta. Ta maganin ƙwari ta mutu, tunda iska ta shiga. Ta banki kuwa sai reshen Kano ya sa hannu a gyaran. Ya ce za a iya yi, amma jirgi ba ya jiran kowa.

Malam ya shiga gudu. Da safe ya fita da jaka, da yamma ya dawo ƙafafunsa sun kumbura. Wannan ofis ya ce sai wancan ya sa hannu, wancan ya ce mai sa hannun ya fita. Yana kiran Kano, yana kiran mai saye. Ni ina wurin kaya. Aka sauke buhunan duka a fili, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana soka musu ƙarfe mai tsini. Ba su samu komai ba sai riɗi. Wani ma'aikaci ya watsa kaɗan a baki ya tauna, ya ce wa ejan bai taɓa ganin mai kyau kamarsa ba. Amma bai da ikon cewa a mayar, sai takarda ta zo.

Akwai wata katanga a gefen filin da ake hango jirage. In Malam ya dawo muna hawa mu zauna, mu ci burodi da wake. Ya nuna mini namu. Baƙi ne, ya fi duk wani gini da na sani tsawo, ana ta ɗora masa akwatuna da wani ƙarfe mai wuya kamar raƙumi. Ya ce in wannan ya wuce lafiya, baɗi kwantena biyu za mu yi. Zai sa a yi wa matan rumfa su daina sheƙa a rana. Zai koma zauren Kawu da safe, da yamma ya yi takardu. Ni kuma zai 'yanta ni. Na ce ba na so, wa zai ciyar da ni. Iskar teku tana da gishiri, tana manne wa mutum a fuska. Ban saba zama da mutum ina jin maganar baɗi ba. A kan katangar nan na saba.

Ruwan Legas ba ya sallama. Wata rana da azahar gari ya yi baƙi, kafin in gama jan tamfol ya sauko. Tamfol ɗin bai isa rabin kayan ba, ga ramukan da aka soka a kowane buhu. Na kwanta a kan tarin na riƙe gefen da iska ke ɗagawa. Ruwa ya bi ta ƙasa. Da aka ɗauke na san abin da ya faru, amma ban faɗa ba sai da na tabbata. Bayan 'yan kwanaki na cusa hannu a buhun tsakiya na ji zafi kamar cikin tanda. Warin ya canja. Na kira Malam na sa hannunsa a wurin. 

Takardar Kano ba ta iso ba jirgin ya tashi. Da la'asar ne. Muna kan katanga. Wasu ƙananan jirage suka ja shi, ya juya a hankali, ya bi ta mashigar ruwa. Mun kalle shi har ya zama kamar ƙwaro. Malam ya sauka ya yi alwala da ruwan leda ya yi salla a kan buhun da babu komai a ciki. Mai saye ya aiko da saƙo mai ladabi, ya ce ya yi baƙin ciki, ya nemi wani.

Ejan ya samo masu tatsar mai suka kwashe kayan. Abin da aka samu Malam ya ɗaure ya ba ni in kai wa masu riɗi. Ya ce shi zai ɗan tsaya, ejan ya sama masa tebur a wani ofis, zai riƙa yi wa wasu takardu. Ya rako ni tashar mota.

Ya ce, "In ka je, ka ce ni na yi kuskure a rubutu."

Na ce, "Ba zan ce ba."

"Baba mai awo ya tsufa. Irinsa ya zuba. Kar ka ɗora masa wannan."

"Abin da ya faru zan faɗa."

"Ba za su gane ba."

"Su suka sani."

Ya ce, "Kai dai ba ka taɓa jin maganar ubangidanka ba." Ya sayo mini ruwa ya miƙo ta taga. Ya ce in gaya wa Kawu bayan salla yana tafe.

A Dingaya aka taru a ƙofar masallaci bayan la'asar, matan suna daga bayan katanga. Na tsaya na faɗa musu, daga sikeli har tashin jirgi. Ban ƙara ba, ban rage ba. 

Baba mai awo ya ce, "Sake faɗa. Don ya yi yawa suka ƙi shi?"

"Don ya fi abin da takarda ta ce."

"Wace ƙasa ce ake ƙin kaya don ya yi yawa?"

Wata mata daga bayan katanga ta ce, "Da raguwa ya yi, da mun gane."

Wani ya ce ai Malam ɗan kawuna ne, dole in rufa masa asiri. Ba a yi faɗa ba. Kowa ya karɓi nasa ya tafi. Amma magana ta zauna a gari cewa yaron ne takardunsa suka gaza, wasu ma suka faɗi abin da ya fi haka. Na maimaita a kasuwa, na maimaita a wurin suna da wurin jana'iza, har mutane suka fara tashi in na buɗe baki. Baba mai awo ya rasu bai yarda ba. Bai ƙi ni ba. In mun haɗu yakan ce, "Kai dai mai riƙon zumunci ne." Da baɗi ya zo kowa ya kai riɗinsa kasuwa kamar da.

Kawu na same shi a zaure bayan yara sun tashi. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce, "Na yarda. Mutanenmu za su yi haka." Sai ya ce, "Shi ya san na yarda?" Na ce zan gaya masa. Na kira Malam a waya a gaban tsohon na gaya masa. Ya ce, "To." Ya gai da mahaifinsa, ya tambayi jiki, ya tambayi ɗalibai. Azumi ya zo ya wuce. Babbar salla ta zo ta wuce.

Daga Legas ya koma Kwatano, daga can ya ƙara gaba zuwa wata tashar jirgi da ban iya sunanta ba. Aikin dai shi ne, yana yi wa kayan wasu takardu, kuma na ji an ce ana nemansa. Yana aiko wa gida da abin da ya samu. Da farko duk Juma'a yake kirana, daga baya sai wata-wata, yanzu sai in an ga dama. In ya kira yana tambayar damina, yana tambayar wa ya rasu. Yaya yake ce mini yanzu, da ladabi, kamar wanda aka haɗa mu a mota. Na taɓa ce masa mutane sun manta. Ya ce shi bai manta fuskar matan nan ba da suka juye na miyarsu. Na ce ba kai ka sa su ba. Ya ce layin ba kyau, zai sake kira.

Ƙanensa ne ke karɓar hadda yanzu. Kawu idonsa ya yi rauni, ba ya fita sai masallaci. In na je Birnin Kudu, kafin in gama zama yake tambaya ko an kira ni. In an kira, sai in faɗa masa duk abin da aka ce, ya sa in maimaita. In ba a kira ba, sai mu yi zancen gona.

Ni ba mai yawan tunani ba ne. Na binne mutane da yawa ban zauna ina lissafinsu ba. Amma Malam yana da rai, yana can yana shan iskar gishiri, tsakaninmu mota ce kawai ta kwana biyu ko uku. Na taɓa haɗa kaya zan je in taho da shi. Matata ta ce, in ka je ka ce masa me? Na zauna a bakin gado. Na kwance kayan.

Yanzu ina Gwaram. Na bar hanya, ƙarfin dako ya tafi. Ina gadin siton wani ɗan kasuwar Kano a bakin titi, da ɗaki ɗaya a bayansa inda nake da iyalina. Ranar Juma'a ina hawa babur in je Dingaya in duba gona, in dawo kafin magariba. Nan nake.